Ƙwayoyin da ke zaune a huhu da tsananin ciwon sistik faiburosis

Yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ciwo ɗaya, gwaji kuma ya nuna tangarɗar da suka gada iri ɗaya ce. Babban yana zuwa makaranta, yana buga ƙwallo bayan la'asar, in ban da tarin da ya zame masa jiki ba za ka ce yana da wata lalura ba. Ƙaramin kuwa shekara ba ta zagayowa sai an ba shi gado a asibiti, a yi mako biyu ana ɗura masa magani ta jijiya. Likitocin da ke kula da masu sistik faiburosis sun saba ganin haka, iyaye ne abin ke ɗaure wa kai. In dai gado ne, me ya raba su? Amsar tana da rassa da yawa: abinci, hayaƙin da ke cikin gida, wasu ƙwayoyin gado na daban, da shekarun da yaro ya kai kafin a gano ciwon. Amma reshe mafi kauri yana cikin majinar da ke ƙirji, wato bakteriyar da suka samu wurin zama a hanyoyin numfashi, da irinsu, da tsawon zamansu.

A asibitocin Makka da Jidda za ka ji ana ce wa ciwon attalayyuful kisi. Mu Hausawan da ke nan ba mu saba da shi ba. Sikila muka sani, ita ake tsoro idan maganar aure ta taso. An daɗe ana ɗaukar wannan ciwo na Turawa ne, domin a cikinsu ya fi yawa, kusan jariri ɗaya cikin 2,500 zuwa 3,500, alhali a baƙaƙen fatar Amurka ɗaya ne cikin 15,000 ko sama da haka. A Saudiyya wani ƙiyasi na ƙarshen shekarun 1980 ya sa shi a ɗaya cikin 4,243, kuma dalilin a fili yake: fiye da rabin auren da ake ɗaurawa a ƙasar tsakanin dangi ne. Mu ma auren zumunci ba baƙonmu ba ne, balle a nan da muke tsiraru muna aurar da juna. Ciwon ba ya bayyana sai yaro ya karɓi gurɓatacciyar ƙwayar gado daga uwa da kuma uba. Iyayen lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, daidai da lissafin da muka sani na AS da AS. Gwajin kafin aure da aka wajabta a 2004 sikila da talasimiya, wani ciwon jini na gado, yake dubawa, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau. Wannan ciwo ba ya cikin jerin.

A jikin tantanin da ya shimfiɗe hanyoyin numfashi akwai wani furotin da ake kira CFTR. Aikinsa fitar da kulorayid, ɗaya daga sinadarai biyu da suka haɗu suka zama gishiri, da kuma bayikabonet. Duk inda gishiri ya bi, ruwa na bin sa. Ruwan nan shi ke tsinka majinar huhu, har siraran gashin da ke jere a bututun numfashi su iya tura ta sama ɗauke da ƙura da ƙwayoyin cutar da muka shaƙa, mu haɗiye ba tare da mun sani ba. Idan furotin ɗin ya lalace ko babu shi sam, sai majina ta yi kauri da danƙo, ta danne gashin, shara ta tsaya. Haka take toshe fankiriyas, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, abinci mai maiƙo ya kasa narkewa, yaro ya yi ta ci ba ya ƙiba, kashinsa yana maiƙo da wari. Likita Dorothy Andersen ce ta fara bayyana ciwon dalla-dalla a New York a 1938, sai a 1989 masana a Toronto da Mishigan suka gano ƙwayar gadon a kan kuromosom na 7.

Akwai wata alama da ya kamata a ce mu mazauna ƙasar zafi mun fi kowa saninta. A lokacin wani matsanancin zafi da aka yi a New York a 1948, likita Paul di Sant'Agnese ya lura cewa yara masu wannan ciwo sun yi yawa cikin waɗanda zafin ya galabaitar, daga nan ya gano zufarsu cike take da gishiri. A Makka, inda bazara ke haura digiri 45, wani lokaci har farin gishirin ake gani ya bushe a goshin yaro ko a gefen gashinsa. Uwa ce ke fara ji idan ta sumbace shi. Sai ta ce wa surukarta, "Inna, yaron nan goshinsa gishiri-gishiri nake ji, ga tarin ya ƙi tafiya." Inna ta ce, "Sanyin mukayyif ne, 'yar nan, ki rage masa, ki shafa masa man zafi." A haka watanni ke wucewa, a ce asma ce, a ce sanyin haƙarƙari ne, wani lokaci ma a ɗora yaro a kan maganin tarin fuka. Alhali gwajin ba shi da wuya: a ɗora wani magani a damtsen yaro, a bi shi da ɗan lantarki marar zafi na minti biyar don fata ta yi zufa, a tara zufar na rabin awa, a auna. Kulorayid da ya kai 60 a ma'aunin milimol cikin lita yana nuna ciwon.

Me ya sa watannin nan da ake ɓatawa suke da tsada? Saboda huhun jaririn da aka haifa da ciwon kusan lafiyayye ne a ranar haihuwa. Masana a jami'ar Iowa ta Amurka sun samar da aladu masu irin wannan tangarɗa a 2008, suka ga 'ya'yan ana haifarsu huhu babu kumburi, amma idan aka sa musu bakteriya ba sa iya kawar da ita kamar sauran. A 2012 suka nuna ɗaya daga dalilan: rashin bayikabonet yana sa ruwan da ke saman hanyoyin numfashi ya yi tsami fiye da kima, tsamin kuma yana kashe kaifin sinadaran da jiki ke yaƙar ƙwayoyin cuta da su. Ke nan majina ta ƙi motsi, makaman da ke cikinta kuma sun dakushe.

Daga nan jiki yake turo fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil, su yi ta kwararowa ba ƙaƙƙautawa. Suna fitar da wani sinadari mai narka nama, ilastes, wanda ba ya bambance bakteriya da bangon huhu. Idan suka mutu kuma, DNA ɗinsu ya zube cikin majina ya ƙara mata danƙo. Wani bincike a Ostireliya da aka wallafa a 2013 ya nuna jariran da aka samu ilastes a huhunsu tun suna wata uku sun fi saurin samun lalacewar bututun numfashi, inda bututun ke buɗewa ya saki har abada. Don haka ɓarnar da ake gani a hoton ƙirji ba bakteriya kaɗai ke yin ta ba, babban kaso aikin garkuwar jikin mai ciwon ne da aka tsokano aka kasa kwantarwa.

Baƙin farko a ƙuruciya yawanci biyu ne, Istafilokokus da Hemofilus. Suna jawo tari da zazzaɓi, magani kuma yana jin su, in ban da nau'in Istafilokokus mai taurin kai da ake kira MRSA, wanda wani bincike na 2010 a Amurka ya danganta da gajeruwar rayuwa ga masu ciwon. Tun a nan aka fara ganin cewa ƙwayoyin nan ba kowa tasa ta fishshe shi suke yi ba. A Ingila an daɗe ana ba ƙananan yara maganin rigakafin Istafilokokus kullum. A Amurka kuwa wani gwaji da aka wallafa a 2002, da wani magani mai faɗin aiki, ya nuna Istafilokokus ta ragu amma wata ƙwaya da ta fi ta sharri ta ƙaru, shi ya sa ba su bi wannan hanya ba. An kori ɗaya, an buɗe wa wata fili.

Wannan ƙwaya ita ce Sudomonas, kuma a kanta ne labarin tsananin ciwon ya fi tsayawa. Ba daga nesa take zuwa ba. Tana zaune a duk inda danshi ya daɗe: magudanar wurin wanke-wanke, bakin famfo, ruwan da ya kwanta, ƙasa mai laima. Mai lafiya yana cuɗanya da ita kullum ba ta yi masa komai. A huhun mai sistik faiburosis kuwa tana shiga ta fita, ta sake shiga, har ranar da za ta zauna. Binciken wata masaniya mai suna Emerson da abokan aikinta na 2002 ya bi yara ƙanana a Amurka, ya samu waɗanda ke ɗauke da ita haɗarin mutuwarsu cikin shekaru takwas ya ninka na sauran sau 2.6.

Abin da ya sa ta gagara shi ne yadda take sauya hali bayan ta zauna. Wadda ta shigo sabuwa tana da bulalar iyo, tana yawo ita kaɗai, magani na samun ta. Bayan watanni ko shekaru sai wata ƙwayar gado a jikinta, mucA, ta lalace, ta fara fitar da wani yauƙi mai suna aljinet ta lulluɓe kanta da 'yan uwanta. Ma'aikacin ɗakin gwaji yana gane wannan da ido. Faranti ne da aka shafa wa kakin mai ciwo aka ajiye a ɗumi kwana ɗaya ko biyu. Sabuwar Sudomonas tana fitowa a baje, da launin kore mai sirkin shuɗi da wani ƙamshi-ƙamshi kamar na inabi. Tsohuwa kuwa jiƙe take fitowa, tana sheƙi, tana malala, wani lokaci har ta ɗiga a kan murfin farantin. Cikin wannan yauƙi ƙwayoyin suna rage saurin girma, suna rayuwa a lungunan majina da iskar oksijin ba ta kai wa, kuma suna iya jure magani ninki ɗari ko ma dubu na abin da zai kashe su a fili. Niyutirofil su kewaye su, su kasa haɗiyewa, su zubar da ilastes a kan huhu. Daga wannan mataki ba a cika maganar kawar da ita ba, sai dai a yi ta danne ta.

Likitocin Kofanhegan a Denmak, ciki har da Niels Høiby, su suka nuna cewa akwai tazara tsakanin shigowa da zama, kuma ana iya cin moriyarta. Tun farkon shekarun 1980 suka raba ranakun ganin likita tsakanin masu ɗauke da ita da marasa ita, daga 1989 kuma suka riƙa kai mata hari da kolistin na shaƙa da sifirofuloksasin da zarar ta bayyana karon farko, ko da yaro ba ya jin komai. Yawan masu kamuwa da ita kamun dindindin a shekara ya sauko daga kashi 16 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 2. Yau abin da aka fi yi shi ne shaƙar tobramaisin na kwana 28, kuma a yawancin yara tana ɓacewa, ko da za ta dawo wata rana a sake. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaukar kaki ko a goga auduga a maƙogwaron yaro duk wata uku, yana lafiya ko ba ya lafiya. Iyayen da ke ganin zuwa asibiti da yaro mai wasa ɓata kuɗin mota ne, a nan suke asara.

Akwai wadda ta fi Sudomonas ban tsoro ko da ba ta kai ta yawa ba, Burkoldariya. Masanin cututtukan tsirrai Walter Burkholder ne ya fara gano ta a 1950 a jikin ruɓaɓɓiyar albasa. A 1984 likitoci a Toronto suka ba da rahoton yadda take kayar da wasu masu sistik faiburosis cikin makonni, da zazzaɓi mai zafi da shiga jini. Daga baya aka tabbatar tana bi daga mai ciwo zuwa mai ciwo, har wani nau'inta ya bazu tsakanin Edinbura da Toronto. Dole aka rufe sansanonin hutu da ake tara yaran, kuma ƙa'idar Amurka ta 2013 ta ce masu ciwon biyu su bar tazarar kusan mita biyu tsakaninsu. Asibitoci da yawa ba sa yi wa mai ɗauke da mafi munin nau'inta dashen huhu. Wannan ƙa'ida tana da nauyi a kanmu, mu da ciwon ke bin dangi, dangi kuma suke cika ɗaki ɗaya ranar suna ko buɗa-baki, kofin shayi yana zagayawa. Ba a ce a yanke zumunci ba. Amma 'yan uwa biyu masu ciwon kada su haɗa kofi, ko cokali, ko na'urar shaƙar magani, kuma a raba musu wurin kwana in da hali. Sai kuma wata 'yar uwar ƙwayar tarin fuka, Maikobakteriyam absesus, wadda a ƙarƙashin madubin gwaji take kama da ta tarin fuka, alhali magungunan tarin fuka da aka saba ba sa taɓa ta.

Har zuwa farkon shekarun 2000 labarin ke nan: ƙwaya huɗu ko biyar, kowace da sunanta a takardar sakamako. Amma faranti abin da aka shirya shi ya tsiro kawai yake tsirarwa. Da aka fara karanta DNA ɗin da ke cikin kaki kai tsaye, ta hanyar wani yanki da kowace bakteriya ke da shi mai suna 16S, sai ga gomman iri a samfur guda. A Belfas, Michael Tunney da abokan aikinsa sun nuna a 2008 cewa kusan kashi biyu cikin uku na kakin manya masu ciwon yana ɗauke da bakteriyar da ba sa son oksijin, irin su Firebotela da Beyilonela, da yawa kuma ba kaɗan ba. A shekarar dai, masana a Kalgari ta Kanada suka danganta wasu tashe-tashen ciwon da wani rukunin Isteraftokokus da gwajin yau da kullum ke tsallakewa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne alaƙar yawan iri da lafiyar huhu. Mutum zai zaci huhun da ya fi tara iri-iri shi ya fi lalacewa. Akasin haka aka samu. Ana auna ƙarfin huhu da FEV1, wato yawan iskar da mutum ke iya hurowa da ƙarfi a daƙiƙar farko. Wani bincike na 2020 da ya haɗa mutum 299 daga cibiyoyi 13 a Turai da Amurka ya nuna duk yadda wannan awo ya yi ƙasa, haka yawan iri ke raguwa, ƙwaya ɗaya ta mamaye wurin, yawanci Sudomonas. Kafin nan, a 2012, masana a jami'ar Mishigan sun bi kakin mutum shida na kusan shekaru goma. Uku da ciwonsu ke ci gaba, irin bakteriyarsu ya yi ta raguwa. Uku masu sauƙi nasu ya tsaya yadda yake. Jimillar yawan bakteriyar kuwa ba ta wani sauya ba a duka ɓangarorin. Ashe ba ƙaruwa suke yi ba, wurin ne ke komawa hannun iri ɗaya.

A nan ne nake ganin ana saurin yanke hukunci. Wasu sun karanta wannan suka ce ashe yawan iri kariya ne, magungunan kashe bakteriya kuma su ke jawo lalacewa. Gaskiya ne binciken Mishigan ɗin ya nuna shan magani ne babban abin da ke rage yawan iri, fiye da shekaru ko ƙarfin huhu. Amma wa ake ba magani da yawa? Wanda ciwonsa ya riga ya yi tsanani. Dattawanmu da suka yi noma a gida kafin su hawo sun san ƙuduji: gonar da ta gaji yake kamawa, in ya kama kuma shi ke ƙarasa dawar, har ka rasa wanda za ka ɗora wa laifi tsakanin ƙasar da ciyawar. Haka huhu da ya lalace yake dacewa da Sudomonas, ita kuma ta ƙara lalata shi, magani ya share masu rauni ya bar ta. Raguwar iri alama ce mai kyau ta inda ciwo ya kai, amma ba hujja ba ce ta ajiye magani. Shekarun da masu ciwon suka ƙaru da su tun daga lokacin da yawancinsu ba sa kai wa shiga firamare, magungunan nan suna da babban kaso a ciki.

Akwai ma gardama a kan ko duk waɗannan iri a huhu suke zaune. Kaki ta baki yake biyowa, baki kuwa cike yake da Firebotela da Isteraftokokus. A 2012 masana a Siyatil suka ɗebi samfur kai tsaye daga huhun da aka cire wa marasa lafiya lokacin dashe, suka samu iri ɗaya zuwa uku ne kacal suka mamaye, yayin da samfurin maƙogwaron mutanen ke nuna iri barkatai. To amma waɗannan huhun ƙarshen ciwo ne. A yara ƙanana ana samun bakteriyar baki a can cikin huhu, kuma wani aiki daga jami'ar Minesota a 2016 ya nuna yadda za su iya yin illa a fakaice: Sudomonas ba ta iya cin majina da kyau ita kaɗai, amma idan marasa son oksijin suka farfasa ta, sai ta samu abinci daga ragowarsu. Ke nan ƙwayar da ba ta da laifi a karan kanta tana iya zama mai ciyar da mai laifi.

Wannan sarƙaƙiya ita ke bayyana wasu abubuwa biyu da suka daɗe suna ba likitoci mamaki. Idan ciwo ya tashi, tari ya ƙaru, kaki ya sauya launi, ci ya ragu, numfashi ya yi gajarta, sau da yawa in aka ƙirga bakteriyar ba a ganin ta ƙaru a kan yadda take makonnin baya. Na biyu, takardar ɗakin gwaji tana iya cewa Sudomonas ɗin mutum ba ta jin wani magani, a ba shi maganin, ya samu sauƙi. Wani bincike na 2003 ya nuna babu wata alaƙa ta a zo a gani tsakanin abin da farantin ya faɗa da yadda mai ciwo ya murmure. Dalili ɗaya shi ne 'yan ɗigon da aka gwada ba sa wakiltar duka, domin Sudomonas ɗin da ke saman huhun mutum ɗaya tana iya bambanta da wadda ke ƙasansa bayan shekaru na zama a rabe. Don haka uba da ya ga kalmar da ke nuna ƙwaya ta bijire wa magani a takardar ɗansa kada gabansa ya faɗi, likitan da ya san yaron yana duba abin da ya yi masa aiki a baya. Abin tsoro na gaske shi ne jinkiri, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ciwon ya tasar wa har aka yi musu magani ta jijiya ba sa komawa ƙarfin huhunsu na da.

Sai kuma sababbin magunguna masu gyara furotin ɗin kansa. Ibakafto ya fito a 2012, Trikafta na kamfanin Vertex a 2019, kuma sun sauya rayuwar dubban mutane. A Amurka ana hasashen rabin jariran da aka haifa da ciwon tsakanin 2019 da 2023 za su kai shekara 61 ko su wuce. Amma ko su ba su kori tsofaffin mazauna ba. Wani ƙaramin bincike na 2017 ya ga Sudomonas ta ragu sosai bayan fara ibakafto, sannan ta fara farfaɗowa bayan shekarar farko. Wani babba na 2023 a kan Trikafta ya ga raguwa ninki ɗari ko fiye cikin wata guda, amma yawancin mutanen sun ci gaba da ɗauke da ƙwayoyinsu. Bututun da ya riga ya buɗe ya saki ba ya komawa, kuma mafaka ce.

Ga mu nan kuma akwai ƙarin magana. Magungunan nan furotin da ya lanƙwashe ko ya ƙi buɗewa suke gyarawa, musamman na tangarɗar F508del, wadda kusan kashi 85 cikin ɗari na masu ciwon a Amurka ke da ita. Rahotannin Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad, inda Dakta Hanaa Banjar ta daɗe tana bibiyar ciwon, sun nuna a Saudiyya wadda ta fi yawa ita ce 1548delG, akwai kuma 3120+1G>A, wadda ita ce aka fi sani a tsakanin masu asalin Afirka. Duka biyun hana jiki ƙera cikakken furotin suke yi, ba abin da maganin zai kama ya gyara. Ko ga wanda ya dace da shi, farashin Trikafta a Amurka ya haura dala 300,000 a shekara, sama da riyal miliyan ɗaya, kuma kowa ya san bambancin da ke tsakanin ɗan ƙasa, da mai igama da ke jingine da inshorar wurin aiki, da wanda ba shi da takarda. Wannan ya sa yaƙi da bakteriya ta tsohuwar hanya bai zama tarihi a wurinmu ba. Ya kuma sa gwajin ƙwayar gado mai duba tangarɗun Turawa kaɗai yana iya cewa babu komai alhali akwai, don haka gwajin zufa ne abin fara nema.

Tsohuwar hanyar ba ƙarama ba ce. Kwatancen da aka yi a 1988 tsakanin Boston da Toronto ya nuna matsakaicin shekarun rayuwa 21 a Boston, 30 a Toronto, babban bambancin kuwa Toronto suna ba da abinci mai maiƙo sosai tare da ƙwayoyin narkar da abinci. Ana bubbuga ƙirji ko a yi atisayen fitar da kaki safe da yamma. Ana shaƙar ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 7 cikin ɗari don jawo ruwa cikin majina, da donez alfa, wanda tun 1993 ake amfani da shi wajen yayyanka DNA ɗin da ke sa ta danƙo. A zafin Hijaz yaro yana zubar da gishiri fiye da kima, jiki ya bushe, majina ta ƙara kauri, don haka likita kan ƙara masa gishiri da ruwa a bazara. Turaren wuta da shisha da sigari kuwa, duk son da ake yi musu a gidajenmu, ba su da wuri a ɗakin da yake kwana.

Na'urar shaƙar magani, wadda a kantunan magani na nan ake ce wa jihazul bukhar, ita kanta tana iya zama hanyar shigar Sudomonas idan aka bar ta da laima. Bayan kowane amfani a kwance kofin da abin baki, a wanke da sabulu, a tafasa na minti biyar in irin wanda ke jure tafasa ne, sannan a shanya su a kan takarda mai tsabta har su bushe sarai kafin a haɗa. Kada a ajiye su a banɗaki ko a gefen wurin wanke-wanke.